Waye ke gwada madara da nonon da muke sha a Legas?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. In na fahimci tambayarki, kina dama fura da yogot ɗin madarar gari a gida nan Agege kina ɗurawa a gora kina kai wa masu shago, wani lokacin kuma kina sarin kindirmo wajen matan da ke kawowa, sai 'yan duba gari suka leƙo suka ce ina takardar gwajin lafiyarki, wani kuma ya ɗaga miki hankali wai NAFDAC na iya zuwa ta kwashe kayan. Shine kike son sanin wai waye ma ke da alhakin gwada madara a ƙasar nan, me ake gwadawa, kuma nonon Fulani da aka gada ana sha tun kaka da kakanni shima sai an gwada shi ne? Toh gwajin abinci shine aikina, na yi a ɗakin gwajin wani kamfanin madara a nan Legas, na kuma zauna a wurin karɓar madara daga hannun makiyaya, don haka zan faɗa miki yadda abun ke tafiya a aikace.

Gwamnati tana sa ido, wannan gaskiya ne, amma idon nata ya fi tsayawa a kan abun da aka rufe a gwangwani ko leda ko kwali aka buga masa suna. Wanda ke cikin ƙwarya da bokiti da kula, wato mafi yawan abun da mu mutanen Agege da Mile 12 da Idi Araba da Alaba Rago muke kora ƙishi da shi da azahar, da wuya a samu wanda ya ɗebe shi ya kai ɗakin gwaji in ba ɗaliban jami'a masu rubuta furojet ba. Kuma fa ba rashin hukumomi bane, hukumomin ma sun yi yawa ne, kowacce da inda hurumin ta ya ƙare, nonon ƙwarya sai ya faɗa a tsakani.

NAFDAC ita ce wadda kowa ya sani. An kafa ta a 1993, mutane sun fi tuna ta da yaƙi da jabun magani saboda zamanin marigayiya Dora Akunyili daga 2001 zuwa 2008, amma duk abincin da aka sarrafa aka rufe ma nata ne, kuma babban ɗakin gwajin abincinta yana nan Oshodi. Ita ke ba da lambar rajista, ita ke shiga masana'anta ta duba, ita ke tsaye a tashar jirgin ruwa. SON kuma, wadda ta girme ta don tun 1971 take, ita ke rubuta ma'auni, wato ita zata ce kafin a kira abu yogot ko madarar gari ko ta gwangwani sai maiƙo da furotin sun kai kaza, ruwa kar ya wuce kaza. Lafiyar saniyar kanta aikin likitocin dabbobi ne na jiha da na tarayya, a 2024 ma aka ƙirƙiro ma'aikatar raya kiwon dabbobi sukutum. Kasuwa da shago da gidan abinci da duk wurin da ake sayar wa jama'a abinci kuwa, tsarin mulkin 1999 ƙaramar hukuma ya ba, ta nan 'yan duba gari suka shigo, kuma Legas na da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, kowanne da nasa ma'aikatan. Sai masu kare haƙƙin mai saye, FCCPC ta tarayya da LASCOPA ta jiha, su kan shiga manyan shaguna su duba kayan da ranarsu ta wuce amma galibi sai an kai musu ƙara. An daɗe ana maganar doka guda da zata haɗe kan duk waɗannan a kan lafiyar abinci, ƙudirin ya sha kai-kawo a majalisa har mun gaji da jira.

Abun da mutane da yawa basu lura da shi ba, madarar da ake sha a Legas mafi yawanta ba daga ruga take ba, ta teku take zuwa. Saniyarmu Bunaji in ta ba da lita ɗaya zuwa biyu a rana an gode Allah, da rani ma ba ta kaiwa, shi yasa fiye da rabin madarar da ƙasar ke buƙata shigo da ita ake yi, gari a buhu mai kilo 25, daga Nuzilan da Holan da Ailan da sauransu, a sauke a Apapa da Tin Can. A 2020 babban banki ya taƙaita ba da dalar shigo da madara ga kamfanoni shida kacal don a matsa musu su zuba jari a kiwo a gida, a 2024 aka janye. A tashar nan ne sa idon ya fi ƙarfi, kwantena ba ta fita sai da takardar sakamakon gwaji daga masana'antar da ta yi madarar, da takardar lafiya daga hukumar ƙasar da aka ɗauko ta, sannan jami'ai su ɗebi samfur. Daga nan ta wuce masana'antu a Ikeja da Ogba da Isolo, a dama a yi ta gwangwani, ko a ɗura a 'yan ledojin da mai shayi ke yagawa, ko a yi yogot.

A ɗakin gwaji abu biyu ake nema, ko abun ya cika abun da aka rubuta a jikinsa, da kuma ko zai cutar da mai sha. Na farkon lissafi ne, misali ma'aunin duniya na Codex ya ce madarar gari mai cikakken maiƙo kar maiƙonta ya gaza kashi 26 cikin 100, danshinta kar ya wuce kashi 5. Na biyun shine inda aikin yake. A ɗebi kaɗan a tsarma shi ninki goma, a sake tsarma wannan ninki goma, haka haka, a zuba a wani ɗan faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, a rufe a saka a akwatin ɗumi kwana biyu zuwa uku, sai a fito da shi a ɗaga shi a haske a ƙirga ɗige-ɗigen da suka tsiro, kowane ɗigo daga ƙwayar da ke cikin madarar ya faro. Farantin madarar da aka dafa da kyau aka rufe da kyau zaki ganshi kusan wayam, na wadda hannu ya shiga kuwa ya cika tam har ba ya ƙirguwa, sai dai a rubuta ya wuce ƙirga. Akwai wani jan faranti da ake neman kolifom da shi, dangin ƙwayoyin da ake samu a bayan gida da ƙazamin ruwa, in suka fito a kayan da aka riga aka dafa toh ma'anarsa ɗaya ce, ko dahuwar bata yi ba ko bayan dahuwar wani abu ya shiga, hannu ko ruwa ko gora. Salmonela kuwa, ƙwayar da ke sa gudawa da zazzaɓi, ba a yi mata rangwame, a giram 25 ba a yarda a ga ko ɗaya ba. Akwai kuma gwajin fosfates da ke tona asirin wanda ya ce ya dafa alhali ɗumamawa kawai ya yi, don wani sinadari ne da ke cikin ɗanyar madara wanda sai zafin ya kai ƙa'ida yake mutuwa. Ƙa'idar kuwa tsohuwa ce, ana jingina ta ga Louis Pasteur na Faransa, digiri 63 na minti 30 ko digiri 72 na daƙiƙa 15. Ta kwali da ke wata da watanni ba firji, ita har digiri 135 ko sama ake kaita na 'yan daƙiƙu.

Sai dai ɗakin gwaji abun da ya nema kawai yake gani. A 2008 a ƙasar Sin aka ga haka da mummunar hanya. Shi furotin ba a auna shi kai tsaye, naitirojin ake aunawa sai a lissafa, toh wasu suka gane in suka tsarma madara da ruwa suka zuba melamin, wani sinadarin yin roba da farantai da ke ɗauke da naitirojin mai yawa, sakamako zai nuna furotin ya cika. Jarirai kusan 300,000 suka samu matsalar ƙoda, shida suka rasu a alƙaluman hukuma, kamfanin Sanlu ya rushe. Madarar nan tana da suna tana da takardu, ta kuma ci gwajin da ake yi a lokacin. Sai bayan nan gwajin melamin ya zama ruwan dare a duniya.

Shi yasa nake ce wa mutane lambar NAFDAC kamar lasisin tuƙi ce, ta nuna ranar da aka gwada direban ya ci, bata nuna yadda yake tuƙa danfo yau a Oshodi ba. An duba wurin, an gwada samfurin da aka kai, an ba da lamba ta shekara biyar. Gorar yogot ɗin da ta kwana a firjin shago ba wuta, da safe aka tada janareto ta sake sanyi, lambar na nan a jikinta daram. Jami'ai na zagayawa kasuwa su ɗebi kaya su gwada, ana yi, amma mutum nawa ne zasu zagaye garin da Allah kaɗai ya san yawan shagunansa? Ban ce lambar banza bace, nesa ba kusa ba ta fi babu, don aƙalla akwai adireshin da za a bi in an samu matsala. Kawai kar a ɗora mata abun da bata ɗauka ba.

Tunda da madarar gari kike yin naki yogot ɗin, abu biyu. Yawancin ta buhu mai sauƙin kuɗi an cire mata maiƙon saniya ne aka mayar da man itatuwa, galibi na kwakwar manja. Ba guba bace, doka ta yarda da ita muddin an rubuta a jiki, amma ba ɗaya take da mai cikakken maiƙo ba kuma sam ba abincin jariri bace. Na biyu shine wanda ya fi damuna, buhun da aka yi don masana'anta sai a farke shi a kasuwa ana aunawa da derika da robar fenti. Daga lokacin da aka farke shi duk gwajin da aka yi a Apapa ya tashi aiki, ba suna ba rana ba lambar rukuni, wato lambar da ke nuna a wane haɗi aka yi shi, hannu na shiga yana fita, ga danshin Legas da ke sa gari ya dunƙule cikin 'yan kwanaki, kuma in buhun ranarsa ta wuce ta ina zaki sani? In jarinki bai kai buhu ba ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku ku sayi rufaffe, ku karanta ranar da idonku, ku raba a gida cikin roba mai murfi, a yanke wurin rubutun a ajiye.

Yanzu ɗanyar madara. Inda ake gwada ta da gaske shine wuraren karɓa na kamfanoni, irin waɗanda FrieslandCampina WAMCO ke da su a yankin Iseyin da Fasola a jihar Oyo, ko na masu sarrafawa a Kaduna da Kano da Vom. A inda na zauna, da sanyin safiya matan ke isowa, wasu a ƙafa wasu an goyo su a babur, kowacce da tulun ƙarfenta. Mai karɓa zai buɗe murfi ya fara shinshinawa, ya leƙa ko akwai gashi ko ƙuda ko ɓurɓushin kashin shanu ko alamar jini. Sai ya ɗebi madarar kaɗan ya haɗa da sifirit mai ƙarfin kashi 68 zuwa 70, daidai wa daida, a ɗan faranti ya juya. In ta zauna sumul shikenan, in ta tsinke ta yi gudaji-gudaji a gefen farantin toh ta fara tsami, ko saniyar na da ciwon hantsa, ko dakashi aka haɗo. Sai ya jefa laktomita, wani ɗan dogon gilashi da ke yin iyo a ciki, madarar ƙwarai tana tsayawa wajen 28 zuwa 32, in an yi mata ruwa sai ki ga ya nutse ƙasa da haka. Masu wayo sun san in ka kwashe maiƙo lambar na hawa, in ka ƙara ruwa tana sauka, sai su yi duka biyun ta dawo daidai, shi yasa dole a auna maiƙon shima daban. Duk wannan a gaban mai madarar ake yi cikin 'yan mintuna, ba gardama, wadda ta ci a tace ta a juye a tankin sanyi a sauko da ita digiri 4, wadda ta faɗi a miƙa wa mai ita abunta.

Toh Hajiya ki lura da abu biyu a nan. Wannan gwajin kamfani ke yi don kare kayansa, ba gwamnati ba. Sannan madarar da aka mayar ɗin, ina kike jin take zuwa? Ba zubarwa ake yi ba, wa zai zubar da guminsa. Gida ake komawa da ita a kwantar ta zama nono, gobe tana kasuwa.

Maganar cewa nonon Fulani na Allah ne baya buƙatar gwaji, ni bana raina matan nan, da yawansu suna tafasa madarar kafin su kwantar da kindirmo kuma sun fi wasu masu gora da sitika tsafta. Amma saniya ma tana ciwo. Akwai tarin fuka na shanu da ke kama mutum ta ɗanyar madara, akwai cutar da ke sa shanu ɓari wadda makiyaya ke kira bakkale, in ta kama mutum zazzaɓi ne mai tafiya yana dawowa da zufar dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta ɗirka masa maganin maleriya da taifod wata da watanni ba a gane ba. Tafasawa na kashe su duka biyun. Tsami yana rage ƙwayoyi da yawa amma kar a dogara da shi kaɗai. Kuma ko an tafasa, yawancin ɓarnar bayan nan take faruwa, ruwan da aka tsarma da shi, garin kuka ko sitacin da aka zuba don ya yi kauri, ƙwaryar da aka ɗauraye da ruwan da aka wanke wasu goma, ludayin da ke yawo daga baki zuwa baki, da ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba. A zafin garin nan na digiri 30 da ɗoriya, ƙwaya ɗaya na iya zama biyu cikin minti 20 zuwa 30, ki lissafa daga asuba zuwa la'asar. Saboda haka ne ma ɗanyar madara bata iya tahowa daga Arewa zuwa Legas in ba motar sanyi, kuma mu faɗi gaskiya, kaso mai yawa na abun da ake kira nono a cikin gari da madarar gari aka kwantar da shi. Wannan ba laifi bane in ruwan mai kyau ne, laifin shine a ce miki daga ruga yake.

Akwai kuma abubuwan da wuta bata maganinsu, su ne ainihin aikin da ya kamata gwamnati ta riƙe don da wuya a gane su a gida. Na farko saurar magani. Makiyayi ya sayi allurar antibayotik a kasuwa ya yi wa saniya da yamma, da safe ya tatse ta ya sayar, alhali a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da ya kamata a bari kafin a sha madarar. Mai sha yana ta haɗiyar magani kaɗan kaɗan har ƙwayoyin jikinsa su saba, ranar da yake buƙatar maganin ya ƙi ci. Ke mai yogot ma zaki iya gane alamar, in kika zuba iri mai kyau, wato ɗan yogot ɗin da ake kwantarwa da shi, a madarar saniyar da kika dafa, zafi daidai, amma ta ƙi kwanciya, sau da yawa maganin ne ya kashe irin. Na biyu aflatoksin, dafin da fumfuna ke saki, in aka ba saniya dusa ko tunkuza ko angurya ko masarar da ta yi fumfuna, hantarta na juya dafin ya fito a madara, kuma yana cikin abubuwan da ke jawo kansar hanta. Codex ta sa iyakar maikirogiram 0.5 a kilo, Tarayyar Turai ta matse har 0.05. Na uku dafin wata ƙwaya da ke zama a hanci da ƙurjin hannun mutum, in madara ta daɗe a ɗumi ta saki dafin, ko an tafasa daga baya ƙwayar ta mutu dafin na nan, shine mutum zai sha abu bayan 'yan awanni ya kama amai ba ƙaƙƙautawa.

A watan Yunin 2024 da kwalara ta ɓarke a Legas, jami'an jihar sun danganta wasu daga cikin waɗanda suka kamu da wani kunun aya na gora marar rajista, kuma rashin adireshi a jikin gorar ya sa bin sawun mai yinsa ya yi wuya. Kunun aya ba madara bane amma sana'ar ɗaya ce da taki, ruwa da hannu da gora da sanyi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Don haka 'yan duba garin da suka zo miki suna kan huruminsu. Gwajin masu taɓa abinci ana neman a sabunta shi duk wata shida, ana duba irinsu tarin fuka da taifod da ciwon hanta, ki yi shi ke da duk yarinyar da ke taya ki, amfaninku ne ma. Ki nemi ganin katin shaidarsu cikin mutunci, duk kuɗin da aka ce ki biya ki nemi rasit na ƙaramar hukuma, in an ce a sasanta a nan tsaye ki ce kin fi son zuwa ofis. Amma ki sani su da ido suke aiki, kwata da shara da murfi da hula, basa yawo da laktomita balle faranti.

Wanda ya tsorata ki da NAFDAC kuma bai yi ƙarya ba. Mai dama fura a gaban mai saye ta miƙa masa a kofi harkar ƙaramar hukuma ce. Amma ranar da kika ɗura a gora kika rufe kika manna suna kika rarraba shaguna, kin shiga gonar NAFDAC, kuma kayan madara suna cikin abinci masu hatsari da ba a yi musu sassaucin da ake yi wa mai cincin ko ƙuli-ƙuli. Zasu nemi rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da ta sunan kayan, wuri na daban wanda ba kicin ɗin gida ba, mai rabe-raben inda ake ajiya da inda ake dahuwa da inda ake ɗurawa, ruwan da aka tace aka kuma gwada, takardar feshin ƙwari, gwajin lafiyar ma'aikata, da takardar jikin gora mai ɗauke da suna da adireshi da kayan haɗi da lambar rukuni da ranar yi da ranar lalacewa. Ta intanet ake cike buƙatar a manhajarsu ta NAPAMS, su zo su duba wuri, su ɗauki samfur. Dan Allah kar ki bi ta hannun wanda zai ce ki kawo kuɗi ya samo miki lamba ba tare da an zo an ga wurin ba, kuma kar ki kuskura ki buga lambar wani a gorarki, wannan ya fi rashin lambar muni nesa ba kusa ba.

Kafin ki kai can, sayi ma'aunin zafi na abinci, ba shi da tsada kuma ya fi duk wata dabara. Ki kai madarar digiri 85 ki riƙe ta a nan minti 30, ki sauko da ita 43 sannan ki zuba iri, awa huɗu zuwa shida ta kwanta, daga nan sai sanyi kai tsaye, ba a bari ta kwana a waje wai ta ƙara kauri. Irin ma kar ki yi ta jan na jiya zuwa na yau har abada, ki riƙa sabuntawa. Gora sabuwa, banda wadda aka tsinto aka wanke. Sannan furar kanta, wadda kowa ke mantawa da ita, sau da yawa ita ce ke shigo da matsalar ba yogot ɗin ba, don an dafa ta an kirɓa amma da hannu aka cura ta kuma a ɗanyen gari aka birkiɗa ta. In ke kike yi, ki soya garin da zaki barbaɗa sama-sama, turmi da taɓarya su sha ruwan zafi, a dama da tafasasshen ruwan da ya huce. In NEPA ta ɗauke wuta ki duba ma'auni ba taɓawa da hannu ba, ki riƙe ɗan littafi kina rubuta ranar kowane haɗi da buhun da kika yi da shi da shagunan da kika kai. Lokaci lokaci ki ɗauki gora biyu a cikin ƙanƙara ki kai ɗakin gwaji mai zaman kansa wanda ke da rajistar ƙungiyar masu gwaji ta IPAN, ko ki tuntuɓi cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO a Oshodi da ke koyar da irin wannan sana'a, ki ce a duba miki kolifom da yis da fumfuna, da ruwan da kike aiki da shi.

Ni a ganina kamen mata masu ƙwarya ba zai gyara komai ba, yau a kore su gobe su koma wani lungu. Indiya ta fara ne da ƙungiyar makiyaya a Anand a 1946, ana gwada madarar kowa a ƙauyensa a biya shi gwargwadon maiƙonta, daga 1970 suka bazu da tsarin a faɗin ƙasa, yau su ne kan gaba a duniya wajen yawan madara. Kenya ma ta daɗe tana farautar ƙananan dillalan madara, wajen 2004 ta sauya ta koma horar da su tana basu lasisi. Inda gwaji ke ƙara wa mai madara kuɗi, shi da kansa zai wanke hantsa ya bar zuba ruwa. Mu ma an ƙaddamar da manufar madara ta ƙasa a 2024, abun da nake son gani bai wuce wurin karɓa mai tankin sanyi da sola kusa da ruga ba, da likitan dabbobi da makiyayi zai iya kira, da ɗan teburin gwaji a manyan kasuwanninmu wanda sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa zasu iya tsayawa a kai.

Shi kuma kindirmon da kike sara, ki tsaya a kan mace ɗaya ko biyu da kika san inda suke kwantarwa kuma kika tabbatar suna tafasawa. Ki ɗiga aidin a cokali guda kafin fura ta shiga, in ya koma shuɗi mai duhu an zuba masa sitaci ko fulawa. Kuma kar ki haɗa shi da naki yogot ɗin a gora ɗaya, ki ɗura shi daban da alama daban ki sayar a ranar, don in wani ya dawo da ƙorafin ciki ki san wanne ne ya jawo.